TAKARDAR SAKI: TONON ASIRI CE KO RIƘON AMANA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta aure, Ya halatta rabuwa, Ya kuma sanya wa kowannensu iyaka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, yawancinku yanzu tunanin ɗaurin aure ku ke yi, ba wanda ke tunanin kwance shi. Allah Ya sa kada ku ga ranar. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda bai san hukuncin fita daga abu ba, bai gama sanin hukuncin shigarsa ba. Saboda haka na ga ya kamata mu tsaya a kan wata 'yar takarda da mutane su ka raina, watau takardar saki, da kwafinta da a ke karɓowa daga kotu.

ABIN DA YA JAWO MAGANAR

Wata rana bayan mun tashi daga karatu a Zakka, wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ina da matsala, kunya ta hana ni faɗa a cikin jama'a." 'Yarsa ce mijinta ya saka, ya rubuta a fallen littafin 'yan makaranta ya miƙa mata, ya tafi cirani Kudu. Kafin ya tafi sun je gaban alƙali a kan abincin yara, ya amsa da bakinsa cewa ya sake ta, aka rubuta. Daga baya ɓarayin daji su ka tashi ƙauyensu, ɗakin ya ƙone, takardar ta ƙone tare da shi. Sai ga manemi ya fito. Liman ya ce ba zai ɗaura ba sai ya ga shaidar saki, kuma ya yi daidai. Ana cikin haka tsohon mijin ya aiko cewa ai shi ya mayar da ita tun tana cikin idda, a zuciyarsa. Yarinya ta shekara biyu a zaune, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba.

Na ce, "Baba, me ya hana ku koma kotun ku karɓo kwafin abin da aka rubuta?" Ya ce, "Malam, gidanmu ba mu saba hawa kotu ba. Tonon asiri ne. Kuma ai Allah Ya sani ya sake ta."

Wannan amsa ta dattijon ita ce tambayar da mu ke so mu warware. In Allah Ya sani, me ya kawo takarda? Kuma neman ta, tonon asiri ne ko kuwa wani haƙƙi ne da ke wuyanmu?

SAKI DA BAKI YA KE AUKUWA

Mu fara da abin da ba gardama a cikinsa. Saki yana aukuwa da lafazin miji, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, ko alƙali ya ji ko bai ji ba. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi su ka ruwaito ya nuna aure da saki da kome ba a wasa da su, wanda ya faɗa da gaske da wanda ya faɗa da raha duk an kama su. Magana zarar bunu ce. Saboda haka kada wani saurayi ya ce, "Tun da ban rubuta ba, ba ta saku ba." Wallahi ta saku.

To, in haka ne, aikin me takarda ke yi? Aikinta ta tsare gaskiyar abin da ya auku. Allah Ya sani, haka ne. Amma liman bai sani ba, alƙali bai sani ba, mai neman aure bai sani ba, masu rabon gado ba su sani ba. Shari'a a duniya da zahiri ta ke hukunci. Ƙa'idar da Baihaƙi ya ruwaito daga Ibn Abbas ita ce mai da'awa ke kawo hujja, mai musu ke rantsuwa. Wanda ya bar mace da "Allah Ya sani" kaɗai, ya tura ta fagen da a ke tambayar hujja, hannunta wayam.

Dubi aya mafi tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara. Ba a kan salla ta sauka ba, ba a kan azumi ba. A kan bashi ta sauka: a rubuta, a sa shaidu, marubuci kada ya ƙi rubutawa, kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Wa aka fara yi wa wannan umurni? Sahabbai, mutanen da su ka fi kowa amana. To, in bashin buhun gero ya cancanci alƙalami, ina ga matsayin 'yar mutane, da nasabar 'ya'ya, da halaccin shimfiɗa? A aya ta 2 ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuwa, Allah Ya yi umurni da a kafa shaidu biyu adilai wajen riƙewa ko rabuwa. An tambayi Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, game da mutumin da ya saki matarsa ya kuma mayar da ita ba shaidu, sai ya nuna masa ya saɓa wa Sunna a duka biyun, ya umurce shi ya kafa shaidu kada ya sake. Malamanmu na mazhabar Maliku sun ce kafa shaidu a kan kome mustahabbi ne, har su ka ce macen da ta hana mijinta kanta sai ya kafa shaidu ta yi daidai.

Ashe ke nan rubutu da shaidu ba baƙin abu ba ne da Nasara ya kawo. Abin da ke baƙo a addini shi ne a saki mace a ɗaka, a mayar da ita a zuci, ba wanda ya ji.

ABOKAN GABAR GASKIYA

Abu huɗu ke cinye gaskiyar saki idan ba a rubuta ba.

Na farko mantuwa. Allah Ya ce a ƙididdige idda, a aya ta 1 ta Suratuɗ Ɗalaƙ. Mai jinin al'ada tsarki uku, wadda ta daina wata uku, mai ciki sai ta haihu. Ta yaya za a ƙididdige abin da ba a san ranar farawarsa ba? Ka tambayi mutum yaushe ya yi sakin, ya ce, "Wajen kakar bara, ko kuwa bayan ƙaramar salla." A fiƙihun Malikiyya, idan miji ya zo ya yi iƙirarin cewa ya yi saki tun da daɗewa alhali ba shaidu, sai matar ta faro idda daga ranar iƙirarin. Ka ga rashin shaida ya ƙara mata zaman da ba ta ci ba ta sha ba.

Na biyu musu. Igiyar aure uku ce. Aya ta 229 da ta 230 a Baƙara sun bayyana cewa bayan na uku ba ta halatta gare shi sai ta auri wani, aure na gaskiya. Nawa ne a garuruwanmu su ka tsinke igiya uku, da nadama ta zo su ka ce biyu ce? Malamai sun ce da'awar saki ba ta tabbata sai da shaidu biyu adilai, kuma in mace ta yi da'awar ba ta da ko shaida ɗaya, ba a ma rantsar da mijin a kan da'awarta kawai. Sai a mayar da ita gidan da ta san ya haramta gare ta. Wasu kuma in gaskiya ta fito sai su ruga ga auren kisan wuta, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yinsa da wanda aka yi dominsa. Layi ɗaya da aka rubuta, "wannan shi ne saki na biyu," ya isa ya toshe wannan ƙofa.

Haka batun kome. Wanda ya zo bayan idda ta cika ya ce ya mayar da ita tun tuni, ba a karɓar maganarsa sai da hujja. Imamu Maliku ya kawo hukuncin Sayyidina Umar a kan mutumin da ya yi saki yana nesa, labarin sakin ya iske matar, labarin komen bai iske ta ba, har ta yi wani aure. In na biyun ya riga ya tare da ita, na farko ya rasa ta. Ku 'yan cirani, ku riƙe wannan da kyau.

Na uku mutuwa. Shaidu su kan mutu, miji ya kan mutu. Idan saki na kome ne kuma miji ya rasu tana cikin idda, tana da gadonta, tumuni in yana da 'ya'ya, rubu'i in ba shi da su, kuma za ta koma takaba. In idda ta cika kafin ya rasu, ba ta da kome. Idan kuwa a ciwon ajali ya sake ta, Malikiyya sun ce tana gado ko da idda ta wuce, domin Sayyidina Usmanu ya ba matar Abdurrahman ɗan Aufu gado a irin wannan hali. Duk waɗannan hukunce-hukunce a kan kwanan wata su ke rataye. Sau nawa mu ka ga 'yan'uwan mamaci sun ce, "Ai ya sake ta," don su hana ta tumunin takaba? Sau nawa kuma wadda aka saka da gaske ta dawo ta ci dukiyar marayu?

Na huɗu shi ne wanda zamaninmu ya ƙara mana: wuta da gudun hijira. Mutanen Batsari da Safana ba sai an ba su labari ba. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga su ka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, su ka kashe mutane wajen 30, su ka ƙone gidaje. Ƙauyuka da yawa na bakin dajin Rugu sun watse a waɗannan shekaru, wasu sun nufi Dutsin-Ma, wasu Katsina, wasu sun tsallaka Maraɗi. Limamin da ya ji sakin yana wani gari, mai unguwa yana wani, shaidu ba a san inda su ka faɗa ba. Takardar da ke ƙarƙashin katifa ta zama toka. Abin da aka shigar a littafin kotu shi ya fi saurin samuwa.

RANAR SAKI TA TAƁA ZAMA MAGANAR RAI

Kada ku ce na kambama abin. A nan Jihar Katsina, a watan Maris na 2002, kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa saboda ta haihu tana bazawara. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta na shekarar. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke shi. Daga cikin dalilan da aka kafa akwai maganar malaman Malikiyya cewa ciki na iya kwanciya har shekara biyar bayan rabuwa, ana jingina ɗan ga tsohon miji, kuma haihuwarta ta faɗo cikin wannan tsakani. Ban kawo wannan don in sake shari'ar ba. Na kawo shi don ku ga cewa tambayar "yaushe aka sake ta" ta taɓa tsayawa tsakanin mace da rami.

SHUBUHOHI UKU

Wani zai ce, "Zuwa kotu tonon asiri ne." To, ɗan'uwa, asirin wa? Abin da Musulunci ya ce a rufe shi ne aibin mutum da sirrin shimfiɗa. Aure kuwa an ce a bayyana shi, don haka a ke tara jama'a a raba goro. Abin da aka ƙulla a bainar jama'a, ƙarewarsa ma haƙƙin jama'a ne su sani, don kada wani ya nemi matar aure, kada wani ya guji wadda ta halatta. Takardar saki ba ta faɗin wa ya zagi wa. Suna ne, da rana, da adadi. Asirin da ke tonuwa na gaske shi ne ranar da aka ɗaura aure a kan aure, gari ya ɗauka, 'ya'ya su tashi ana nuna su da baki.

Wani zai ce, "Kotu ta gwamnati ce, aikin boko ne." Alƙalanci ya girmi boko a ƙasar nan. Tun zamanin Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu akwai alƙalai a biranenmu. A zamanin En'e kotunan alƙalai na hannun sarakuna. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa, wadda Shaihu Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. A 1968 kotunan su ka koma hannun gwamnatocin jihohi, a 2000 kuma Katsina ta shiga sahun jihohin da su ka kafa kotunan shari'a. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa aure da rabuwa da riƙon 'ya'ya da gado na Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Sauran ƙasashen Musulmi ma sun ga wannan ɓarna. Dokar Masar ta 1985 ta wajabta wa miji ya yi rajistar sakinsa cikin kwana 30. A 2017 manyan malaman Azhar su ka ce sakin baki yana aukuwa in ya cika sharuɗɗa, amma wajibi ne mai sakin ya gaggauta rubuta shi don kare haƙƙin mace da 'ya'ya. A Janairun 2019 kotunan Saudiyya su ka fara aika wa mata saƙon waya idan an sake su, saboda wasu mazan na saki a ɓoye.

Na ukun ba ya faɗa da baki, amma yana cikin zuciyarsa: "Ba zan ba ta ba, sai ta gane kurenta." Wannan shi ne mafi muni. Aya ta 231 a Baƙara ta hana a riƙe mata don cutarwa, ta ce mai yin haka kansa ya zalunta. Aya ta 232 ta hana a tare su daga yin aure bayan idda. Aya ta 129 a Suratun Nisa'i ta hana a bar mace kamar abin da aka rataye. Wanda ya danne takarda, ko ya ƙi zuwa ya tabbatar da sakinsa, ko ya ce sai an biya shi kafin ya sa hannu, ya rataye ta ke nan. Allah Ya ba da zaɓi biyu, riƙewa da alheri ko saki da kyautatawa. Ratayewa ba ta cikinsu. Ka tuna kana da ƙanne mata, gobe kuma za ka haifi 'ya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

YADDA A KE NEMAN KWAFIN

Da yawa abin da ke hana su ba mugunta ba ce, rashin sanin hanya ne. Ga ta a taƙaice.

Ka je kotun da aka yi zaman, ba wata ba, domin littafin yana can. Matar da kanta tana da haƙƙin nema, haka mijin, haka waliyyi ko wakilin da aka ba izini. Ka tafi da cikakken sunan miji da na mata, da shekara da watan da aka yi zaman, da lambar ƙara in akwai. Tsohon sammaci ko rasit, ko ya yage, yana rage wahalar bincike. Ka rubuta takardar nema zuwa ga rajistaran kotu, ka biya kuɗin da hukuma ta yanka, ka karɓi rasit. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce ma'aikacin da ke riƙe da takardar hukuma ya ba wanda ke da haƙƙin dubawa kwafi in ya biya kuɗin ƙa'ida, ya rubuta a jiki cewa kwafin gaskiya ne, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa da hatimi. Kwafin da ba waɗannan, hoto ne kawai.

Kada ka bar harabar kotu sai an karanta maka. Ka duba sunaye, da ranar saki, da adadinsa, da irinsa, na kome ne ko hul'i ne ko alƙali ne ya raba, da abin da aka yanke a kan ciyarwa da riƙon yara. In akwai kuskure a gyara a nan take. Wanda bai gamsu da hukunci ba kuma kada ya yi nawa, domin ɗaukaka ƙara tana da lokaci ƙayyadadde, kuma da kwafin hukuncin a ke yin ta.

Idan a gida aka yi sakin bai taɓa zuwa kotu ba, to ba abin da za a kwafo. Sai a ɗauki takardar da miji ya rubuta da shaidun da su ka ji, a je gaban alƙali ya tabbatar ya shigar a littafi, tun shaidu na raye. In ta samu, a yi mata hoto biyu ko uku, a ɗauka a waya, a ajiye ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari.

Abu biyu ku kiyaye. Kada ka ba da na goro don a sauya rana ko a rage adadi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, ya kuma lissafa shaidar zur cikin mafi girman kaba'irai. Takardar ƙarya ba ta halatta haram, sai dai ta ƙara zunubi a kan zunubi. Ku kuma samarin da Allah Ya sa ku ke aiki a kotuna, littattafan nan amana ce a hannunku. Ku tsare su daga gara da yoyo. Matar da ta biyo mota daga ƙauye da kuɗin aro, kada a ce mata "dawo gobe" alhali littafin na kan teburi.

ƘARSHEN LABARIN

Na raka dattijon nan da ɗansa. Mun yi sawu biyu kafin a gano littafin shekarar. Da aka buɗe, ga iƙirarin mijin, ga rana, ga saki ɗaya, ba maganar kome ko kaɗan. Alƙali ya aika a tambaye shi shaidun komen da ya ke da'awa, bai kawo kowa ba. Bayan 'yan makonni aka ɗaura mata aure. A hanyarmu ta dawowa dattijon ya ce, "Malam, shekara biyu na zaunar da yarinyar nan saboda kunyar tafiyar yini ɗaya."

Ya kai saurayi, in Allah Ya ƙaddara maka rabuwa, ka yi ta yadda Sunna ta koyar: saki ɗaya, cikin tsarkin da ba ka kusance ta ba, ka bar ta ta yi idda a ɗakinta kana ciyar da ita, ka kira adilai biyu, ka rubuta rana da adadi, ka kai a shigar a littafi, ka ba ta kwafinta a hannu ba sai ta roƙa ba. In ka mayar da ita, ka sake kiran shaidu, ka sanar da ita da waliyyinta. In kuma ƙanwarka ce ko yayarka ke zaune a gida ba takarda, kada ka jira tsoho ya yi ta fama da kunya. Kai ka tashi ka je.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya ba zawarawanmu mazaje na gari, Ya mayar da waɗanda aka kora garuruwansu cikin aminci, Ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.